Begen Jirgi Mai Kwal: Ɗan Reluwe da Kalmomin Sana'arsa

Gabatarwa

A garin Tambuwal babu wanda ya taɓa jin kukan jirgin ƙasa daga ɗakinsa, domin kuwa dogo bai ratsa wannan yanki ba, har yanzu ma bai isa birnin Sakkwato ba. Iyakarsa ta wannan fuska ita ce Ƙauran Namoda, inda ya tsaya tun shekarar 1929. Duk da haka a Tambuwal ɗin ne na fara sanin yadda inji mai kwal yake aiki, daga bakin kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi kusan shekara talatin yana aikin reluwe, sa'an nan ya komo gida ya ƙare kwanakinsa yana noma da ba da labarin jirgi. Muna yara mukan ɗauki labarin nasa tamkar tatsuniya, manya kuwa sukan yi masa ba'a su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da irin waɗannan dattawa suke bege, a kuma nuna cewa a cikin begen nan nasu akwai wata sana'a sukutum, mai ilminta da kalmominta, wadda manazarta Hausa ba su ba ta haƙƙinta ba kamar yadda suka bai wa ƙira da saƙa da jima. Za mu fara da taƙaitaccen tarihin dogo a Arewa, sa'an nan mu bayyana aikin injin, daga nan mu dubi kalmomin da ya bar wa Hausa da kuma dalilan gushewarsa.

Zuwan Dogo Arewa

A Ingila aka fara jan taragai da inji mai tururi a hanyar jama'a cikin 1825. Bai cika shekara ɗari ba sai ga shi a ƙasar Hausa. An buɗe hanyar Ikko zuwa Ibadan a 1901. A 1907 aka soma shimfiɗa wata hanya daga Baro, a bakin Kwara, wadda ta bi ta Zariya ta isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗa hanyoyin Kudu da na Arewa a ƙarƙashin hukuma guda. Daga Zariya aka fitar da wata 'yar siririyar hanya zuwa Jos saboda kuza, aka gama ta a 1914, aka rufe ta a 1957. Daga Zariya ɗin kuma reshe ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire Ƙauran Namoda, wani kuma ya tashi daga Kano ya kai Nguru a 1930. Hanyar ƙarshe ta wancan zamani ita ce ta Maiduguri, wadda aka kammala a 1964.

Wajibi ne a faɗi cewa Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa dogo ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fata da kuza zuwa bakin teku, kuma da guminmu aka yi aikin. An ɗora wa sarakuna su ba da mutane, su kuma suka ɗora wa hakimai da dagatai. Wannan shi ne aikin da aka sani da diga, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa waƙa mai suna Waƙar Diga. Saboda haka farkon sanin da talakan Hausa ya yi wa jirgi, sanin wahala ne.

Ga mutanen kudancin Sakkwato kuwa, dogo ya taɓa su ko da yake bai zo ba. A da, fatake masu zuwa Gwanja neman goro sukan ratsa ta wannan yanki, kuma kasuwar Jega, maƙwabciyar Tambuwal, tana cikin manyan kasuwannin hanyar. Da jirgi ya fara kawo goro daga ƙasar Yarabawa cikin 'yan kwanaki, sai ciniki ya karkata gabas, garuruwa irin su Gusau da Funtuwa suka bunƙasa. Samarin Tambuwal da Kebbe da suka saba fita cin rani bayan an gama girbi, wasunsu suka riƙa bi ta Gummi da Anka su faɗa Gusau, inda ake dakon buhunan gyaɗa da dilolin auduga a tasha. Ta wannan hanya kawuna ya bi wajen 1950, da niyyar ya dawo kafin faɗuwar damina, bai dawo zama ba sai da furfura.

Matakan Aiki

A wancan lokaci yawancin direbobi da akawuna da masu gyaran inji mutanen Kudu ne, saboda su suka riga samun ilmin boko da koyon aikin ƙarfe irin na Turawa. Ɗan Arewa yakan shiga ne a matsayin lebura, ko dai a gyaran hanya a ƙarƙashin heluma, ko kuma a rumfar injuna, wadda ma'aikata ke kira loko. Aikin inji yana da matakai waɗanda ba a tsallakewa. Mutum yakan fara da lodin kwal da kwashe toka. In an ga hankalinsa sai a mai da shi mai goge inji, a nan ne zai san kowane ƙarfe da sunansa da wurin da ake ɗiga masa mai. Bayan shekaru sai ya hau inji a matsayin mai ba da wuta, watau fayaman. Daga nan ne, in ya ci jarrabawa, zai zama direba, ya fara da jera taragai a cikin tasha, sa'an nan jirgin kaya, daga ƙarshe jirgin fasinja.

Wannan tsari bai bambanta ƙwarai da na maƙera ba, inda yaro ke fara da zuga kafin a bar shi ya riƙe masaba. Kawuna ya hau har matakin fayaman, can ya tsaya, domin jarrabawar direba tana bukatar karatu da rubutu cikin Ingilishi, shi kuwa allo kaɗai ya yi. Bayan rikicin 1966, lokacin da ma'aikata 'yan Gabas masu yawa suka bar Arewa, an sami gurabu, 'yan Arewa da dama suka ci gaba, amma shi takarda ta ci gaba da tare masa hanya. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi a kan haka ba. Abin da yakan ce shi ne direba na riƙe da linzami, amma abincin doki yana hannun fayaman.

Yadda Injin Yake Aiki

Domin mai karatu ya gane abin da ake nufi da ilmin wannan sana'a, ya kamata a bayyana injin a taƙaice. Kan jirgi mai kwal wata doguwar tukunya ce ta ƙarfe a kwance bisa ƙafafu, cike da ruwa. A bayanta, gaban inda direba da fayaman ke tsayawa, akwai murhu. Zafin wuta da hayaƙi suna bi ta cikin bututaye masu yawa da suka ratsa ruwan, su fita ta gaba. Ruwa ya tafasa, tururi ya taru a sama ba shi da mafita, ƙarfinsa ya yi ta ƙaruwa. Idan direba ya ja hannun da ke buɗe masa hanya, sai tururin ya shiga wasu gangunan ƙarfe da ke gefen injin, ya riƙa tura wani toshi gaba da baya, shi kuma toshin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu.

Tururin da ya gama aiki ana fitar da shi ta bututun hayaƙi, kuma fitarsa da ƙarfi ita ke zuƙo iska ta cikin murhu, tamkar yadda zugazugi ke hura wutar maƙera. Wannan fita ita ce sautin nan da yara ke kwaikwayo in suna wasan jirgi. A inji mai ganga biyu, sau huɗu ake jin sa a kowane juyi ɗaya na ƙafa, saboda haka ƙwararren ma'aikaci yana iya sanin gudun jirgi da lafiyar injin ta kunne kawai. In ɗaya daga cikin huɗun ya yi rauni, ya san akwai inda tururi ke zurarewa.

Aikin fayaman abu biyu ne, wuta da ruwa. Zai riƙa watsa kwal da shebur ta 'yar ƙofar murhu, kaɗan-kaɗan, ko'ina ya samu daidai, domin in ya yi tudu a wuri guda iska ba za ta ratsa ba, in kuma ya bar rami iska mai sanyi za ta shiga ta rage zafi. Launin hayaƙi ne ke gaya masa gaskiya: baƙi ƙirin alama ce ta ɓarnar kwal. Dole ya san hanya kamar tafin hannunsa, ya gina wuta tun kafin a zo hawa, ya sassauta kafin gangara ko tasha. Idonsa kuma ba ya barin wata 'yar kwalba da ke nuna tsayin ruwa a tukunya, domin in ruwa ya sauka har rufin murhu ya fito fili, ƙarfe zai yi laushi, tukunya na iya fashewa. Duk wannan ana yin sa a tsaye, bisa dandamalin da ke girgiza, ga wuta a gaba ga zafin bazara a waje. Inji mai sanyi kuma sai an ɗauki sa'o'i ana hura shi a hankali kafin ya iya motsi. Na tuna yadda kawu yakan taƙaita wannan da Sakkwatancinsa:

“Yaro, wanga inji rai garai. In ka ba shi ci da sha bisa ƙa'ida, shi kai ka inda kaka so. In ka yi mai rowa ko ka ɗura mai, shi kunyata ka gaban jama'a.”

Daga 1948 aka fara kawo wasu injuna daga Birtaniya waɗanda aka raɗa wa kowannensu sunan wani kogi na Nijeriya. Wannan ya ƙara sa ma'aikata suna ɗaukar injin tamkar mai rai, kowanne da sunansa da halinsa, wannan mai cin kwal ne, wancan mai gardamar hawa.

Abin da Jirgi Ya Bar wa Hausa

Idan aka dubi kalmomin jirgi za a ga hanyoyi uku da Hausa ta bi. Ta farko ita ce faɗaɗa ma'anar kalmar gida. Jirgi a asali na ruwa ne. Da sabon abu ya zo sai aka ce jirgin ƙasa, tsohon ya koma jirgin ruwa, daga baya aka sami jirgin sama. Dogo sifa ce, ta zama sunan hanyar ƙarfe. An ɗauki jirgi a matsayin dabba, aka ce injin shi ne kai, ƙarar usur ɗinsa kuma kuka. Haka nan yaji, wanda mace ke yi ta bar gidan miji don fushi, shi ya haifi yajin aiki. Ma'aikatan reluwe suna kan gaba wajen sanar da jama'a wannan abu, domin su ne ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, aka shafe fiye da mako shida ana yi.

Hanya ta biyu ita ce aro daga Ingilishi, tare da gyara kalma ta dace da harshen Bahaushe. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a haɗe, saboda haka ko dai ta yar da ɗaya, kamar yadda aka yar da /s/ ta farko aka sami tasha, ko kuma ta cusa wasali a tsakani, kamar a direba. Irin wannan cusawa ce ta ba da reluwe. Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa aka ce tikiti. Ba ta da /v/, sai ta musanya ta da /b/, kamar a shebur da direba. Karin harshe ma yana sa hannu, domin Basakkwace hwasinja da hwayaman zai ce. Wani abin lura kuma shi ne kalmar loko ta ma'aikata ta tarar da wata loko ta gida, watau wurin da 'yan alaro ke jingine kaya su huta, ma'anonin biyu kuwa ba su yi nisa da juna ba.

Hanya ta uku ita ce yadda kalmar aro kan bar gidanta na farko ta yi yawo. Diga a harshen da aka aro ta tana nufin mai haƙa, a Hausa ta zama sunan abin haƙar, ta kuma zama sunan aikin tilas da zamaninsa. Tasha ta tashi daga bakin dogo ta koma tashar mota, ta kai har tashar rediyo da talabijin. Yaron Tambuwal da bai taɓa ganin tarago ba yana amfani da tasha da tikiti da fasinja da lebura kullum, bai san cewa da yawansu a bakin dogo suka fara yaɗuwa ba.

Waɗannan su ne kalmomin da suka fito kasuwa suka rayu. Akwai wasu da ba su fito ba, watau na cikin loko: sunayen sassan inji, da na irin wutar da ake so da wadda ba a so, da laƙabin injuna, da kirarin direbobi, da irin gaurayen Hausa da Ingilishin kasuwa da Yarabanci da ake yi a bisa inji tsakanin mutanen da harshensu ba ɗaya ba. Na ji da yawa daga bakin kawu, amma ban rubuta ba, domin a lokacin ban san darajarsu ba. Sa'ad da na shiga nazarin harshe na gane abin da ke hannunsa, ƙasa ta riga ta rufe masa ido.

Gushewar Mai Kwal

Dalilan da suka kawar da inji mai kwal ba ɓoyayyu ba ne. Na farko, mai ɓarna ne: abin da yake mayarwa aiki bai kai kashi ɗaya cikin goma na zafin kwal ɗin da ya ci ba. Na biyu, mashayin ruwa ne, dole a gina masa tanki a tashoshi, abin da ke da wuya a Arewa da rani. Na uku, kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, inda aka gano shi a 1909, saboda haka sai jirgi ya yi dakon abincin jirgi ɗaruruwan mil kafin a yi dakon gyaɗa. Kwal ɗin ma yana da nasa tarihin jini, domin a ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a mahaƙar Iva.

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma a tsakiyar shekarun 1950 ɗin ne injunan dizal suka fara shigowa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal, abin da ya gaggauta sauyin. Bayan yaƙi arzikin man fetur ya sa aka mai da hankali ga titunan mota, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka rushe dalar gyaɗa, manyan motoci suka kwashe sauran kayan. Kafin tsakiyar shekarun 1980 mai kwal ya zama labari. Birtaniya kanta ta sallame shi daga manyan hanyoyinta tun 1968.

Inji mai dizal ba ya bukatar fayaman irin na da. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana koyon karanta wuta ya wayi gari iliminsa ba shi da kasuwa. Kawu yakan ce:

“Na dizal makulli garai, ɗan yaro na iya tada shi. Namu kau sai an lallashe shi tun da assalatu.”

Ma'anar Begen

To, mene ne dattijon yake bege? Bai manta wahala ba. Yakan nuna mana tabon ƙuna a hannuwansa, tarin da ya dame shi a ƙarshen rayuwarsa kuma yakan danganta shi da ƙurar kwal. Bai kuma yabi mulkin Turawa ba, domin ya san labarin diga daga bakin waɗanda suka yi ta. A fahimtata abu uku yake bege. Na farko shi ne zamanin da aikin hannu yake jawo wa mutum girma, har lebura marar takarda ya zama wanda jirgi mai ɗauke da ɗaruruwan mutane ba ya motsi sai da gwanintarsa. Na biyu shi ne zumuncin aiki, inda Basakkwace da Bayarabe da mutumin Gabas suke ci a kwano ɗaya a bisa inji, kowa ransa a hannun ɗan'uwansa. Na uku shi ne tsari, watau aikin da ke da lokaci da ƙa'ida, wanda har mutanen ƙauyukan bakin dogo kan san rana ta yi ina da kukan jirgi.

Irin wannan bege ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samunsa ba. A Ingila tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu sun kafa ƙungiyoyin sa kai, suka sayi tsofaffin injuna suka gyara, suna tuƙa su a gajerun hanyoyi, ta haka ilmin ya wuce daga hannu zuwa hannu. A nan Nijeriya akwai ɗan abin da aka adana, kamar injunan tsohuwar hanyar Zariya zuwa Jos da ke gidan tarihi na Jos, da ƙaramin gidan tarihin reluwe da ke Ebute Metta a Ikko. Sai dai ƙarfe kurum aka adana. Injin da ke ajiye ba ya gaya wa mai kallo yadda ake ba shi wuta, ko abin da ake kiran sassansa da Hausa.

Kammalawa

An buɗe sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna a 2016, jirgin ƙasa ya sake shiga bakin jama'a, amma babu mai tsammanin mai kwal zai dawo, kuma ba dawowarsa ake nema ba. Abin da ke hannunmu shi ne ragowar mutanensa. Wanda ya hau inji yana ɗan shekara ashirin a 1970, yau ya haura saba'in. Akwai irinsu a unguwannin reluwe na Zariya da Kano da Gusau da Ƙaura da Nguru da Kafancan, akwai kuma waɗanda suka koma ƙauyukansu kamar kawuna, inda ba wanda ya san abin da suka sani. Sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu suna tura ɗalibai kowace shekara su tattara kalmomin sana'o'in gargajiya, kuma an yi aiki mai kyau a kan maƙera da marina da majema. Ina ba da shawara a sa aikin reluwe cikin wannan jeri, a je da na'urar ɗaukar magana, a nemi sunan kowane ƙarfe da kowace irin wuta, a rubuta su da karin harshen mai faɗa. Aiki ne da ɗalibi ɗaya zai iya farawa a hutun zango guda, kuma shekara goma nan gaba da wuya a sami wanda za a tambaya.